Tambaya da Amsa: A asibiti Mama tana iyawa, a gida kuma sai ta kasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Mahaifiyata ce ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu, yanzu alhamdulillah da sauƙi, muna kaita asibiti wajen masu koyar da ayyukan yau da kullum. Abinda ke ɗaure min kai a can tana tashi daga bakin gado da kanta har riga take sawa, amma da mun dawo gida shikenan sai an ɗaga ta sai an sa mata kaya, ni kuma har bayana ya fara ciwo. Anya ba karaya tayi ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma Allah ya miki albarka. Kafin ki ce ta karaya, fara duba abinda take zama a kai a gida tukunna. Gadon da suke aiki da shi a asibiti ana ɗaga shi ana sauke shi daidai tsayin mara lafiya, ga tauri, ƙasa ba santsi, ga haske ga abin kamawa. A gida kuwa sau da yawa kujera ce mai laushi da mutum ke nutsewa ciki har gwiwa tafi ƙugu tsayi, toh tashi daga irin wannan ko mai lafiya sai ya yunƙura balle wadda ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinta.

Su masu okupeshonal terafi, wato masu koyar da ayyukan yau da kullum ɗin da kuke kaita wajensu, a kan wannan aikinsu ya ginu. A 1996 Mary Law da abokan aikinta na Jami'ar McMaster a Kanada suka fitar da tsarin da ke duba abu uku tare, mutum da muhallinsa da aikin da yake son yi, in ɗaya bai dace da sauran ba aikin sai ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2001 ta sa muhalli cikin ma'aunin nakasa, kuma muhallin nan ya haɗa har da mutanen gida da yadda suke mu'amala da mara lafiya. Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe sosai, domin tausayi kan sa mu yi wa mutum komai da sauri, a asibiti ana ba ta lokaci ta fafata da hannun riga, a gida kafin ta miƙa hannu an riga an sa mata. Gaɓar da ba a amfani da ita ƙwaƙwalwa sai ta saba da barinta, taurin ya ƙaru.

Ki samo mata kujera mai tauri mai hannaye, tsayinta ya zama ƙafafunta sun taka ƙasa sosai kuma ƙugu daidai gwiwa ko ya ɗan fi. In zata tashi ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafun baya su shiga ƙarƙashin gwiwa, ta sunkuyo gaba har kanta ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ta danna hannun kujera ta miƙe. Ke ki tsaya ta gefen hagun, ki ware ƙafafunki, ki lanƙwasa gwiwa bayanki a miƙe, ki matso jikinta ki tallafo ta ƙugu, kar ki murɗa baya in zaki juya, taka ki juya da ƙafa. Kuma dan Allah kar kowa ya ja hannun da ya shanye ko ya ɗago ta ta hammata, tsokar da ke riƙe kafaɗar ta yi rauni, ƙashin na iya gocewa, ciwon nan yana daɗewa.

Riga kuwa a zaune zata sa, hannun da ya shanye shi ke fara shiga, wajen cirewa shine na ƙarshe.

Tunda hagu ne, ki lura ko tana mantawa da wannan ɓangaren, kamar ta riƙa bugun ƙofa da kafaɗar hagu ko ta kasa ganin abinda ke ajiye ta nan, hakan na faruwa in matsalar ta taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, ki faɗa wa masu kula da ita a asibiti. Banɗaki a sa kujerar wanka da ƙarfen kamawa, a kwashe wayoyi da duk shimfiɗar da ke zamewa, a bar fitila da daddare.

Ki ɗauki hoto ko bidiyon gadonta da kujerarta da hanyar banɗaki ki nuna wa mai kula da ita, su gwada atisayen a irin tsayin da take fama da shi. In an gyara duk wannan amma kika ga ta daina magana, bata barci, tana yawan kuka, ku koma wajen likita, ciwon damuwa yana kama kusan mutum 1 cikin 3 bayan irin wannan lalurar kuma yana da magani. Ciwon bayanki ma in ya fara sauka ƙafa ko kina jin ƙafar tana mutuwa, ki je a duba ki.