Yaron da ba ya zama a aji: ADHD ce?

Maman yaro, kin tambaya ko ɗanki mai shekara 7 da ya kasa zama a aji ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da yawan motsi, ke damunsa. Ƙiriniya kaɗai ba hujja ba ce. Likitan ƙwaƙwalwa yana neman alamomi aƙalla 6 da suka kai wata 6, a gida da makaranta duka, don haka ki karɓo rahoton malaminsa. A gwada jinsa da ganinsa tukuna. Akwai ma farfaɗiyar da yaro kan ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, a ɗauka rashin natsuwa ne.

In ADHD ta tabbata, likita kan fara da maganin methylphenidate kaɗan, kamar 5mg, bayan karin kumallo, domin yana rage cin abinci, na yamma kuma yana hana barci. A riƙa auna nauyinsa, tsayinsa da hawan jininsa. Don Allah a daina dukansa, ba da gangan yake yi ba.