Tambaya da Amsa: Ina Hurumin 'Yan Majalisa Ya Tsaya a Harkar Jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu. Kullum muna jin cewa jami'a tana cin gashin kanta, amma sai a ga 'yan majalisa sun kira shugaban jami'a suna titsiye shi a gaban kyamara kamar wanda aka kama da kayan sata. Suna da wannan hurumin, ko shisshigi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Suna da hurumi, amma hurumin yana da iyaka, kuma a bakin iyakar ne ake kai ruwa rana.

Jami'ar gwamnati doka ce ta haife ta. Dokar ce ta faɗi yadda za a kafa hukumar gudanarwarta da yadda za a naɗa shugabanta, kuɗin da take kashewa kuma na masu biyan haraji ne, sai majalisa ta amince da kasafi kafin su fito. Dokar Morrill da majalisar Amurka ta yi a 1862 ita ta bai wa jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da kimiyyar ƙere-ƙere. Majalisar Birtaniya ce ta kaɗa ƙuri'a a Disambar 2010 ta ɗaga iyakar kuɗin makaranta a Ingila zuwa fam 9,000. A Najeriya ma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da dokar majalisa ta 2011 yake aiki. Saboda haka idan kwamitin majalisa ya kira shugaban jami'a ya zo da ma'aji da magatakarda su yi bayanin ɗakin kwanan ɗalibai da aka biya kuɗinsa aka bar shi ba rufi, wannan aikinsu ne, kuma ni ina ganin ba su ma cika yin sa yadda ya kamata ba.

Iyakar kuwa, an fi kafa hujja da wata shari'a ta 1957 a Amurka. Masanin tattalin arziki Paul Sweezy ya gabatar da lacca a Jami'ar New Hampshire, sai babban lauyan jihar, da ikon da majalisar jihar ta ba shi, ya nemi ya faɗi abin da ya koyar. Ya ƙi, aka same shi da laifin raina kotu, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. A nan ne Mai Shari'a Felix Frankfurter ya ambaci abubuwa huɗu da jami'a ke yanke wa kanta bisa ma'aunin ilimi: wa zai koyar, me za a koyar, yaya za a koyar, wa za a ɗauka karatu. Jamus ta sa 'yancin bincike da koyarwa a sashe na 5 na kundin tsarin mulkinta. To duk sanda kika ga irin wannan zama, ki saurari tambayar da kyau. In a kan kwangila ce, ko bin doka, ko lafiyar ɗalibai, ta majalisa ce. In ta gangaro kan manhaja, ko maki, ko wanda za a ba farfesa, wannan na majalisar dattawan jami'a ne, wato majalisar manyan malamanta.

Sai dai abin ba ya tsayawa cif a kan wannan layi, domin mai riƙe da asusu ba sai ya ba da umarni ba. Dubi abin da ya faru ranar 5 ga Disamba, 2023, lokacin da wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya kira shugabannin Harvard da Pennsylvania da MIT kan ƙorafin ƙyamar Yahudawa a harabarsu. Jami'o'in nan uku duk masu zaman kansu ne, majalisa ba ta da ikon korar kowa a cikinsu. Amma bidiyon musayar da suka yi da 'yar majalisa Elise Stefanik ya karaɗe duniya, masu ba da gudummawa suka tayar da jijiyar wuya. Kwana huɗu bayan nan Liz Magill ta Pennsylvania ta ajiye aiki. Claudine Gay ta Harvard ta bi sahu ranar 2 ga Janairu, 2024, bayan an ƙara mata da zargin satar rubutun wasu. Ba a canza harafi ɗaya na doka ba. A Hangari kuwa dokar aka taɓa kai tsaye: gyaran da majalisa ta yi a 2017 ya sa Jami'ar Tsakiyar Turai (CEU) ta kwashe yawancin karatunta daga Budafes zuwa Biyana ta ƙasar Austriya, kuma da Kotun Tarayyar Turai ta ce dokar ta saɓa ƙa'ida a 2020, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda kyamara ba ta ɗauka. A gama zaman kare kasafi, a yi musabaha, sai wani hadimi ya biyo shugaban jami'a har bakin mota da 'yar takarda mai ɗauke da sunayen waɗanda ake nema wa gurbin karatu ko aiki. Ga kuma ɗokin kafa sabuwar jami'a a kowace mazaɓa, alhali tsofaffin ba su da kayan ɗakin gwaji.

Kada ki ɗauka majalisa ba ta da rana. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na wata takwas a 2022, shiga tsakanin da kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya yi ya taimaka, haɗe da umarnin kotu, aka koma aji a Oktoba. Su ma jami'o'in suna da nasu laifin. Wasu ba sa tunawa da majalisa sai lokacin kasafi, wasu suna raba digirin girmamawa ga masu riƙe da muƙami don neman shiga. Shugaban da littattafan kuɗinsa ba su daidaita ba, da wane baki zai mayar wa shugaban kwamiti takardar sunayensa?