Tambaya da Amsa: Marubuci a Zamanin Musolini

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta ƙagaggen labari kan wani marubuci ɗan Italiya da ya ja da gwamnatin Musolini. Na kai babi na uku, amma jarumin nawa jawabi kawai yake ta yi, har ni kaina ya gundure ni. Ina gyaran yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam, 'yata. Ina jin kin ɗauko mutumin da bai san tsoro ba ne, kuma irin wannan ba ya riƙe mai karatu. Koma ki ga yadda abin ya kasance.

A 1931 gwamnatin ta tilasta wa malaman jami'a su yi mata rantsuwar biyayya. Cikin mutum fiye da 1,200, kimanin 12 ne kacal suka ƙi, aka raba su da aikinsu. Sauran fa? Wasu sun yarda da tsarin, wasu iyali suka duba, wasu suka ce gara su zauna da a kawo 'yan koren gwamnati su karɓe azuzuwan. Ni waɗannan suka fi tsaya mini a rai. Ki sa jaruminki a tsakaninsu, takardar na gabansa, matarsa na jiran kuɗin cefane.

Sannan hukuncin ba kullum kurkuku ba ne. Akwai kora zuwa ƙauye mai nisa, inda mutum ba ya fita sai da izini, ana kuma buɗe masa wasiƙu. Haka aka yi wa Carlo Levi, likita kuma mai zane daga Turin, a 1935. Aka kai shi Aliyano a kudancin ƙasar, inda zazzaɓin cizon sauro ya addabi manoma. Suka riƙa kawo masa marasa lafiya, hukuma ta hana shi duba su. An sake shi a 1936 cikin afuwar murnar cin Addis Ababa da yaƙi da sojojin Italiya suka yi. Ki tsaya a nan: 'yancinsa ya zo ne ta hanyar jinin Habashawa. Yaya mai adawa da wannan mulki zai ji ranar da yake haɗa kayansa? Wannan kaɗai babi guda ne.

Abin da ya fi ba ni takaici, wanda ya riƙa tsegunta wa 'yan sandan ciki labarin Levi da abokansa shi ma marubuci ne, ana ce masa Pitigrilli, littattafansa na ciniki sosai, kuma biyan sa ake yi. Da shi ake zaman hira.

Saboda haka ki cire jawaban nan. Ki ba jaruminki aboki irin wannan, wanda yake karanta masa rubutunsa da daddare ya yaba, kada kuma ki bari mai karatu ya gano shi kafin babi na goma. Ki aiko mini da babin farko idan kin sake shi.