Gida da Lambu: Wardin da Ya Ci Baraguzai da Sauran Wasiƙunku

Tambaya: Baba, barka da aiki. Wata biyar ke nan da muka gyara gidanmu, aka fasa tsohuwar baranda, aka sake filastar katanga. Da aka gama na dasa wardi shida a gindin katangar. Yanzu duk sabon ganyen da ya fito rawaya ne, jijiyoyinsa kaɗai ke kore, furen ma tun bai buɗe ba yake zubewa. Na sa taki har sau uku, shiru. Ko tsiro mara kyau aka sayar mini? Daga wata uwargida.

Amsa: 'Yata, kada ki ɗauki alhakin mai sayar da tsiro tukuna. Ki sa a kawo miki shebur, a haƙa kamar santimita 30 a gefen ɗaya daga cikinsu. Ina kyautata zaton shebur ɗin ba zai yi nisa ba zai yi ƙara a kan kankare. Ran da aka tashi daga aiki babu leburan da ke marmarin jigilar baraguzai zuwa waje. Ramin da ya fi kusa da shi nan zai juye baro, ya watsa ƙasa a kai, wuri ya yi fes. Sannan ki tuna inda suke wanke baro da kwanon kwaɓi kowace yamma. Galibi a gindin katanga ne, daidai inda kika yi dashenki.

Siminti daga dutsen farar ƙasa da yumɓu ake yinsa, a gasa su a zafin da ya kai digiri 1,450 na ma'aunin Celsius. Ruwan da ya ratsa sabon siminti kaifi gare shi irin na ruwan toka, yakan kai 12 zuwa 13 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami da kaifi ke nan: ƙaramar lamba tsami, babbar lamba kaifi), shi ya sa yake cin hannun birkila. Wardi kuwa ƙasa mai ɗan tsami-tsami yake so, wajen 6 zuwa 6.5. Da zarar ƙasa ta haura 7.5, sinadarin ƙarfen da ke cikinta sai ya ƙulle. Yana nan bai je ko'ina ba, saiwa ce ba ta iya shansa. Shi kuma wannan sinadari ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma cikin sabon ganye, don haka sabon toho ne ke fara ɗashewa, jijiya kore, tsakani rawaya, kamar yadda kika kwatanta. Da ƙarancin taki ne, tsofaffin ganyen ƙasa ne za su fara, kuma rawayar ta shafe ganyen baki ɗaya. Takin nan naki sau uku tamkar zuba wa mutum kaya ne a ɗakin da ba shi da makullinsa.

Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan awo. Ki debo busasshiyar ƙasar wurin cikin cokali, ki zuba a faranti, ki ɗiga mata ruwan khal. In ta yi kumfa tana ɗan tsuwa, da farar ƙasa ko siminti a ciki.

Ba daga littafi na san wannan ba. Shekara 34 na yi ina aikin gini, amma a gidana na tafka wannan ta'asa da hannuna. Mai ɗakina ta dasa jan wardi guda huɗu a inda muka yi kwaɓi, suka shekara suna jinya, kullum ina ce mata ruwa take cika musu. Ran da ta gaji da ni ta miƙo mini shebur, baro goma sha ɗaya na kwashe: guntayen bulo, dunƙulen kankare, buhun siminti ɗungurungum da ya daskare, har da cokalin ginina da na yi wata biyu ina zargin yaron aikina da ɓatarwa. Sai da na neme shi na ba shi haƙuri.

Maganin dai haƙa ne, ba wata dabara. Ki bari sai yamma ta yi sanyi, a ciro kowane tsiro da ƙasar da ke manne da saiwarsa, a nannaɗe da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, faɗinsa ma haka, a fitar da wannan ƙasar daga lambun gaba ɗaya. A kawo wata daga inda gini bai taɓa ba, a cakuɗa da taki wanda ya ruɓe sosai, kashi ɗaya taki, kashi biyu ƙasa. In za ki mayar da su, ki ja su baya da katangar kamar santimita 45, domin gindin bango shi ne wurin da ruwan sama ya fi ƙaurace wa, kuma tushen ginin kansa yana ci gaba da sakin farar ƙasa sannu a hankali. Akwai maganin ƙarfe na fesawa a ganye, zai maido da kore cikin 'yan makonni amma ba ya gyara ƙasar. Garin farar wuta yana sauko da pH, sai dai aikinsa na watanni ne, kuma ba ya iya yaƙi da dunƙulen kankare. Tokar itace kuwa kada ta kusanci wurin, ƙara wa cutar ƙarfi za ta yi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mun yi sabuwar filasta a bangon gaban gida, ina so in sa wardi mai hawa ya lulluɓe shi. Ƙanina ya ce zai tsattsaga bangon. Gaskiya ne? Kuma fenti zan fara yi ko dashe? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ƙaninka ya haɗa wardi da wasu tsirran ne. Akwai masu hawa da ke fitar da 'yan saiwoyi a jikin reshe su maƙale wa bango, su ne ke kutsawa cikin tsaga su faɗaɗa ta, su ɗin ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wardi ba shi da abin kama bango ko kaɗan. In ba a ɗaure shi ba, kifewa zai yi a ƙasa. Saiwarsa ma ba ta da ƙarfin da za ta girgiza tushen gini.

Fenti ne farko, amma ba yanzu ba. Sabuwar filasta tana son a riƙa yayyafa mata ruwa na kwana 7, sannan a bar ta ta kai kwana 28 kafin buroshi ya taɓa ta. Wanda ya yi gaggawa, musamman da fentin mai, kaifin simintin ne zai cinye fentin daga ciki, ya yi laushi, ya soma saɓulewa. A bangon waje ni fentin ruwa nake zaɓa, don yana barin danshi ya fita.

Bayan fenti ya bushe sai a kafa ƙusoshi masu zobe a kai, a ja waya wadda ba ta tsatsa a kwance, layi-layi, tazarar santimita 40 tsakani. A bar kamar santimita 5 tsakanin waya da bango don iska ta riƙa wucewa ta bayan ganye. Wannan 'yar tazarar tana rage cutar baƙin ɗigo, wadda ba ta kama ganye sai ya yi wajen awa bakwai a jiƙe. Saboda haka ne ma nake cewa a ba wardi ruwa a gindi da safe, ba a yi masa wanka da yamma ba.

Ga abin da yawancin mutane ke kuskurewa. Sukan bar rassan su miƙe tsaye, sai furen ya tattara can ƙoli inda sai tsuntsu ke ganinsa, ƙasa kuma ƙaya zalla. Ka riƙa kwantar da manyan rassan a kan wayar, kusan a kwance. Reshen da aka kwantar, kowane ido da ke jikinsa sai ya fito da ɗan reshe mai fure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan ba karin magana ba ce kawai: reshen da ya shekara biyu karyewa zai yi a hannunka. Ka duba kuma ko bangon yana samun rana ta awa shida. In ba ya samu, ka sauya bango.

Tambaya: Baba, tunda na yi wa furannina gado a jikin ɗaki fentin ƙasan bangon ke kumbura, wani farin gari yana fitowa. Mai fenti ya ce a kankare a shafa na mai. Daga wata ɗalibarka.

Amsa: 'Yata, ki ce masa ya dakata. Farin garin gishiri ne da ruwa ya kwaso daga cikin bulo, ya bushe ya bar shi a fuska. Ƙasar gadon ce ta hau sama da shingen danshin da ake sa wa a gindin gini, ga shi kullum ana ba ta ruwa, bango yana sha. Ƙasa ya kamata ta zauna aƙalla santimita 15 a ƙasan wannan shinge. Ki rage ta, ki bar rata tsakanin gadon da bango a cika da tsakuwa. Gishirin a goge shi da busasshen buroshi, in aka wanke komawa ciki yake yi. Sai bango ya bushe sarai a yi maganar fenti. Na mai rufe danshin zai yi, ya ɓulla ta cikin ɗaki.

In gidan tsoho ne, a yi hattara wajen kankarar. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, amma ba ko'ina aka bi sahu da wuri ba. A jiƙa kafin a kankare, a shimfiɗa leda ta tare ɓawon, a nisanta yara. Dalma in ta shiga ƙasar lambu ba ta ruɓewa.

Tambaya: Wardina da yake yin manyan furanni masu ruwan hoda yanzu ya koma yin ƙanana, ga dogayen rassa barkatai. Ya tsufa ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Bai tsufa ba, ɗana, ɗan aure ne, kuma na ƙasan ya fi ƙarfin na saman. Masu manyan furannin nan, dangin wanda ake kira La France da aka fitar a Faransa a 1867, yawanci a kan saiwar wani wardi mai juriya ake aura su. Duba gindin, za ka ga ƙulli, nan ne wurin auren. Duk reshen da ya fito daga ƙasan ƙullin na mai saiwa ne. Ka tone ƙasa har inda ya tsiro, ka sa safar hannu mai kauri ka fizge shi. In ka yanka da almakashi, biyu ko uku za su fito a madadinsa.

Tambaya: Buhu biyu na siminti sun rage mana tun bara, sun yi ƙulle-ƙulle. A daka a yi aiki da su? Daga wani birkila sabon hannu.

Amsa: Murza ƙullin tsakanin yatsu. In ya marmashe, a yi daɓen tsakar gida ko wani ƙaramin aiki da shi, ban da ginshiƙi ko dakali mai ɗaukar nauyi, don siminti da ya wuce wata uku a ajiye ya riga ya fara rage ƙarfi. In ya ƙi marmashewa ya zama dutse, a fitar da shi waje, kada a binne shi a bayan ɗaki.