Mutum 600 sun amsa min, amma malamina ya ce in sake

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa, kundina kan tallafin kuɗi ga masu ƙaramin ƙarfi ne. Na tura takardar tambayoyi ta WhatsApp, mutum 600 suka cike, amma malamin da ke duba aikina ya ƙi karɓa. Ƙawata mai 200 kuwa ta wuce. Hankalina a tashe yake, lokaci ya ƙure.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, 'yata, sai dai malaminki ya fi ki gaskiya. Kullum sai na ci karo da wannan tunani na cewa yawan masu amsawa shi ne ingancin bincike, har na gaji da gyara shi. Su wa suka amsa miki? Masu babbar waya da kuɗin data, waɗanda suka iya karatu, kuma suka ga dama. Tsohuwar da aka ƙirƙiro tallafin dominta ba ta cikinsu. Ko kin kai 6,000, irin mutanen nan za ki ƙara tarawa.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Galibin sunayen daga jerin masu tarho da masu mota aka kwaso su, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. A fagenmu abin ya fi muni, domin da irin waɗannan alƙaluma ake yanke wa zai samu, wa za a bari.

Ki fara fayyace su wa kike nazari, ki nemo jerin sunayensu. In su 2,000 ne kuma kina son 400, ki zaɓi lamba tsakanin 1 da 5 ta hanyar ƙuri'a, daga nan ki riƙa ɗaukar kowane na biyar. Wanda bai iya karatu ba ki karanta masa, bayan ya amince. Ki rubuta adadin waɗanda suka ƙi amsawa.

Masu cewa ki biya su cike miki takardun kuwa, ki guje su. Amsoshin hannu ɗaya ba sa ɓuya, kuma laifi ne da ke jawo kora. Amsoshi 600 ɗin nan ki duba tambayoyin da aka tsallake ko aka kasa ganewa, ki gyara tambayoyin kafin ki fita neman sababbin amsoshi.