Kwamin wanka na gida a ƙarshen bazara: tambayoyinku da amsoshin likita

Tambayoyin wannan karon kusan duk akan kwamin wanka ne na bayan gida, kuma ban yi mamaki ba, ƙarshen bazara ruwan ya ɗumama, rana na cinye kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan, da wuri, yara kuma sun kwashe watanni suna tsunduma a ciki. Bari mu tafi.

Tambaya: Likita idon yarana jawur suke fitowa, ga warin kulorin har cikin hanci. Na rage maganin ne?

Amsa: Kar ki rage sai kin gwada. Warin nan yawanci kulorin ne da ya haɗu da zufa da fitsari, shi yake sa ido ja. Ki duba ruwan da 'yar takardar gwaji, pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kar ya gaza 1 ppm (kashi ɗaya cikin miliyan), yara su watsa ruwa kafin su shiga, su daina fitsari a ciki (eh suna yi). Ido a wanke da ruwa mai tsabta kawai, banda ɗiga nono ko lemon tsami dan Allah. In ya fara ruwan kwantsa ko gani ya dusashe, asibiti.

Tambaya: Wai gaskiya ne in an ci abinci sai an jira awa ɗaya kafin iyo?

Amsa: A'a. Iyakaci ka ji nauyin ciki. Wanda ya sha giya ko maganin sa barci ne bai kamata ya shiga ba.

Tambaya: Nayi tafiya na dawo ruwan ya koma kore shar, sai na haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya dan ya fi ƙarfi, wani hayaƙi ya taso ina ta tari tun jiya. Madam ta bani madara.

Amsa: Haba Malam! Waye ya baka wannan shawarar? Kulorin da asid in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na ɗaya, ita ka shaƙa. Madara ciki take zuwa, ɓarnar kuma a huhu take, ina haɗin? Tunda har yanzu kana tari ka je a duba ka yau, in kuma kana da asma ko ƙirji na maka nauyi to yanzu ma. Nan gaba kowane sinadari shi kaɗai ake zubawa, a bar famfo ya juya ruwan kafin na biyu, sinadari ake zubawa cikin ruwa ba ruwa kan sinadari ba, kuma ko kulorin iri biyu kar ka haɗa, ƙwaya da gari suna iya kama wuta. Koren nan gansakuka ce, a goge bango, a wanke matatar ruwan, famfo yayi ta aiki, kar kowa ya shiga sai ana hango ƙasan kwamin tarwai. In an bar shi a tsaye haka sauro zai samu gidan haihuwa.

Tambaya: Ɗana yayi gudawa kwana biyu, ai kulorin na kashe komai ko?

Amsa: Ba komai ba. Akwai ƙwayar cuta mai suna kiriftosforidiyam da take wuce kwana 7 da ranta a ruwa mai kulorin. Mai gudawa baya shiga ruwa, in an tabbatar ita ce sai sati 2 bayan ta tsaya. Famfas ɗin iyo ma baya riƙe gudawa.

Tambaya: Likita 'yata mai shekara 2 ta faɗa kwami muna zaune a wajen bamu ji komai ba, yayanta ne ya hango ta. Kakarta ta riƙe ƙafafunta ta juya ta kai ƙasa, aka danna mata ciki tayi amai tayi kuka. Yanzu tana ɗan tari tana yawan barci, amma ai ruwan ya fita ko?

Amsa: Baiwar Allah ki ajiye wayar nan ki kai ta asibiti tukun, ki karanta sauran a can. Tari da yawan barci bayan nutsewa ba gajiya bace sai likita ya ce gajiya ce. Ruwa kaɗan da ya shiga huhu yana iya sa shi kumburi a hankali, yaro yana wasa da rana, bayan wasu awoyi numfashi ya fara sama-sama, leɓe ya canza launi. Dole a auna iskar da ke jininta a saurari ƙirjinta a sa mata ido.

Sannan maganar juya yaro da danna ciki, na san Kaka da kyakkyawar niyya tayi, kuma kusan kowa haka ya taso yana gani, amma wallahi abin nan yana kashe yara. Ruwan da kika ga ya fito daga tumbi ya fito, wanda ta haɗiya, ba shi ke hana ta numfashi ba. Na huhu kuma dannawa bata fitar da shi. Abin da dannawar ke yi shine ta turo amai sama, yaron da bai gama farfaɗowa ba ya shaƙe shi ya koma huhu, an ƙara masa ciwo akan ciwo. Ga ɓata lokaci, alhali ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu iska. Iska yaro yake buƙata.

In an ciro yaro baya motsi baya numfashi, a kwantar da shi a rigingine a wuri mai tauri, wani ya kira motar asibiti, a ɗan ɗaga haɓarsa a hura masa iska a baki har a ga ƙirji ya taso, sai a danna tsakiyar ƙirji, ƙirji nace ba ciki ba, sau 30 da sauri, a hura sau 2, a ci gaba haka har taimako ya iso. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kuma duk da haka asibiti. Ko ya tashi yana dariya, asibiti. Duk gidan da ke da kwami ya kamata mutum biyu a cikinsa su je a koya musu wannan a aikace, karantawa kaɗai bata isa ba.

Kin ce baku ji komai ba, haka yake faruwa. Yaro mai nutsewa baya ihu baya fantsama ruwa, shiru yake tafiya ƙasa, sau da yawa manya na zaune kowa na zaton wani ne ke kallo. A ware mutum ɗaya aikinsa kenan, ba waya a hannu, kuma mai shekara 2 kar ta fi tsawon hannunki nisa. A kewaye kwamin da shinge ta ɓangare huɗu, tsayinsa aƙalla mita 1.2, da ƙyaure mai kulle kansa. Robar da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ce. Kuma yanzu da aka fara rage shiga ana rufe kwami da leda an fi sakaci, yaro na ganin ledar ya zata ƙasa ce ya taka. Allah ya bata lafiya, amma ki tafi yanzu.

Tambaya: Kunnena na ƙaiƙayi da zafi in na ja shi, na ɗiga turare bai daina ba.

Amsa: Turare kuma? Ruwa ne ya kwanta a kunnen fatar ta kamu da cuta. Ka daina ɗiga komai, ka daina sosawa da tsinken auduga, ka huta da iyo, a leƙa dodon kunnen kafin a rubuta maka maganin ɗigawa. In kana da ciwon suga kar ka kwana baka je ba.