Injin tsayar da kwalaben ƙaramin filin bolin: wanne zan haɗa?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka haɗa injin da zai riƙa tsayar maka da kwalaben nan goma na bolin (wasan da ake gangara ƙwallo don a kayar da kwalabe) da kansa, ka rasa salon da za ka bi. Shawarata, ka manta da irin na manyan gidajen bolin mai share kwalabe, ya ɗaga su, ya sake jera su. Kayan cikinsa sun yi yawa, kullum kana gyara.

Yi mai igiya. Kowace kwalba a ɗaura mata igiyar nailan a ka, igiyar ta bi ta rami a jikin allon da ke sama. Ramukan su zama jeri huɗu: 1, 2, 3, 4. Ka fafe bakin kowane rami kamar mazurari, don kan kwalbar ya shige ya daina lilo kafin a sauke ta. Ƙaramin injin da ke juya waifar mota, mai aiki da wutar volt 12, ya isa jan su duka, Arduino (ƙaramar na'urar kwamfuta mai sarrafa inji) kuma ya kula da tsayawarsa.

Inda aikin yake shi ne jifa na biyu: kwalbar da ta faɗi a jifan farko dole ta zauna a sama, don haka kowace igiya na buƙatar abin da zai damƙe ta. Kuma ka bar wa igiyar rara, in ba haka ba kwalba za ta ƙi faɗuwa.